Begilar Hindatu

Har na bar aikin nan ba zan manta da safiyar wata Laraba a shekarata ta biyu a Riyad ba. Da saje ne ni a badujalar soja. Bayan ritaya wata makarantar kuɗi a unguwar Nasim ta ɗauke ni koyar da kiɗan fareti, iƙamata ma, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsu take.

Masu busa begila shida gare ni. Gwanarsu Hindatu, 'yar wani direba mutumin Maraɗi, Larabcinta ya fi Hausarta. Ta nemi gurbin karatu kyauta a wata cibiyar koyon kiɗa, aka sa mata gwaji ƙarfe ɗaya na rana. Sai ga faretin ranar wasanni ya faɗo safiyar ranar.

Ga wanda bai san begila ba, leɓe ne jarinta. Busan fareti da ƙarfi ake yi, minti ashirin a rana leɓe ya kumbura. Busan gwaji kuwa laushi yake so. Na je na yi wa mudir, shugaban makarantar, bayani, bai ko ɗago kai ba.

"Lazim, dole ta fito, ya Ustaz. Iyaye suna zuwa."

Mutumin da ko usur bai taɓa busawa ba!

Sai na tuna dabarar bariki. Na ce wa Hindatu, "Ki sa begila a baki, ki kumbura kumatu, amma kada iska ta fita. Sauran biyar sun isa."

Aka buga ganga, na ɗaga sanda, begila shida suka tashi sama. Shiru! Wallahi ko ƙyas. Ashe ja'iran nan biyar shekara guda kumatu kawai suke kumburawa, suna fakewa a bayanta. Dabarar da nake taƙama da ita, yara sun riga ni.

Mudir ya miƙe tsaye. Hindatu ta dube ni, na girgiza mata kai. Ta dube shi, sai kawai ta busa. Ita kaɗai ta ɗauki faretin nan har ƙarshe, ni kuwa ina kaɗa sanda raina a ɓace.

A mota, a hanyarmu ta zuwa wurin gwajin, na rufe ta da faɗa. "Ke wace irin mai taurin kai ce? Ban hana ki ba?"

Da leɓenta a kumbure ta ce, "Ustaz, na ga fuskar mudir. Haka kafilin Baba, maigidan da iƙamarsa take hannunsa, yake yi in zai kori mutum."

 A wurin gwajin muryar sama ta ƙi fita, sau biyu tana gwadawa. Ba su ɗauke ta ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada daɗin taro ya ruɗe ku. Ku tsayar da kowane yaro shi kaɗai ya busa ku ji. Ni ban yi haka ba. Ga ni har yau ina kan aikina, Hindatu kuwa ta ajiye begila.