Shingen Da Ba A Haƙa Masa Rami

Shekarun baya, tun ƙafata tana kai ni Birnin Kudu ba tare da na zauna hutu sau tara ba, na samu aron wani fili a wajen Zandam don shanuna. Na ce shanuna, amma uku ne, ɗayar ma ƙaho ne kawai da addu'a. Filin na wata tsohuwa ne da ba ta da kowa. Ciyawa har ƙugu, ga kududdufi kusa. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Shingen gabas in ya lalace, ka jibga ƙaya a kai. Kada ka haƙa rami, kada ka kafa dirka."

Na ce, "Inna, ko zinariya kika binne mu raba?"

Ba ta yi dariya ba.

Damina biyu ina jibga ƙaya, iska tana kwashewa, shanu suna faɗawa gonar maƙwabcina. Ranar da ya rantse zai kai ni gaban mai gari a kore ni da dabbobina, na ɗauki dagi da tsakar rana na nufi gabas. Wa zai sani?

Bugu na huɗu, dagin ya suɓuce daga hannuna ya shige ƙasa gaba ɗaya. Sai da na ja numfashi kafin na ji faɗuwarsa can ƙasa. Wata iska mai sanyi ta fito ta ramin ta bugi ƙafata, ga rana tana ƙona ƙeya. Na waiga, shanun nan uku sun daina kiwo, sun jeru suna kallona, ko jela ba mai kaɗawa.

Da yake ni wawa ne mai lafiya, na durƙusa na kara kunne. Na ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, irin ta mace tana lallashin yaro kada ya yi kuka. Gudun da na yi ranar, barewa ma sai ta nemi in koya mata.

Na je na faɗa wa tsohuwar. Ta ce tun tana yarinya mahara suka sauko daga duwatsun kudu. Mahaifiyarta da ƙannenta biyu suka shiga ramin ɓoyon hatsi da ke gabashin filin nan. Ita aka sa ta rufe bakin da itace da zana, ta bi da ƙasa, ta hau bishiya, in ƙura ta lafa ta buɗe. A kan bishiyar aka kama ta. Ba ta sake ganin Zandam ba sai da furfura.

"Na kasa buɗewa, na kasa faɗa wa kowa," in ji ta.

Washegari liman da dattawa suka zo, aka yi addu'a, aka cike ramin. Ta karɓe filinta, kuma ban ga laifinta ba. Na kora shanuna har Surko ina neman inda zan ɗaure su.

Kafin in tafi ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, da ka kara kunne, ka ji wani abu?"

Na ce, "Iska ce kawai, Inna."

Tun daga nan, in mai ƙasa ya hana ni abu bai faɗi dalili ba, ba na tambaya. Duk Gwaram an san ni da ƙara wa zance gishiri. Ranar ce kaɗai a rayuwata na rage.