Shaidu Biyu na Magatakarda

Magatakarda ya yi aikin kotu har kansa ya yi fari, kuma ba a taɓa jin ya ce abu ya faru ba, sai dai "an ce ya faru". Da ya yi ritaya, ya dawo gida da halinsa. Idan matarsa ta ce ana ruwa, sai ya leƙa taga.

'Yarsa ce ta kawo masa littafin, don ya samu abin yi ya daina tsare mai gyaran famfo da tambayoyi. Littafi ne mai koyar da binciken asalin dangi: wa za a fara tambaya, me ake dubawa a bayan tsohon hoto, ina ake neman takardun haihuwa. A ƙarshensa akwai shafi mai naɗewa, an zana bishiya da gurabe. Babi na uku ne ya kwanta masa a rai. Marubucin ya ce kada a rubuta komai da biro sai mutum biyu sun faɗe shi. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, fensir ne rabonsa. Magatakarda ya ja layi a ƙarƙashi, ya ce wa matarsa ashe da sauran masu hankali a duniya.

Gurabe suka cika da biro har kan kakansa. A gurbin can sama, na kakan mahaifinsa, aiki ya tsaya: suna ya samu shaidu, sana'a ba ta samu ba. Mutum biyu suka rage da suka gan shi da idonsu, Gwaggo da ƙanenta Baffa. Gwaggo ta ce kafinta ne. Baffa ya fara tambayar me Yaya ta ce, sannan ya ce mai fito ne a bakin kogi. Su biyun sun daina gaisawa tun Magatakarda yana makaranta, ba wanda ya san dalili. Ga shi Gwaggo ta fara kiran jikokinta da sunayen mamata. Magatakarda ya san ba kowane mai shaida ke dawowa ba idan aka ɗage zama.

Sai ya gayyace su falonsa rana ɗaya, bai gaya wa kowa ɗayan zai zo ba.

Gwaggo ta ja birki a bakin ƙofa. "Au, da wannan ka haɗa ni? Ɗan nan, da ka faɗa, da na taho da maganin hawan jini."

"Ina wuni, Yaya," in ji Baffa, yana kallon agogon bango.

Magatakarda ya buɗe shafin a kan tebur, ya karanta tambayar da muryar aiki.

"Kafinta," in ji Gwaggo.

"Mai fito. Ni na shiga kwalekwalensa."

"Kai? Kai da ko wanka za a yi maka sai maƙwabta sun leƙo?"

"Tsufa ne ke damunki, Yaya."

"Tsufan bai mantar da ni akwatin da ka ɗauke daga ɗakin Inna ba, tun hawayenmu bai bushe ba."

Baffa ya miƙe, sandarsa ta faɗi. "Na ɗauke? Akwatin da kaka ya haɗa mini da hannunsa? Ina tsaye a shagonsa yana goge katakon, har guduma ya ba ni na riƙe!"

Matar gida ta tsaya da faranti a hannu. Magatakarda ya goge fensir, ya hure shafin, ya cire murfin biro, ya rubuta "kafinta".

"Ni ban ce komai ba," in ji Baffa.

"An riga an rubuta, Baffa."

Baffa ya fita bai taɓa shayinsa ba. Gwaggo ta shanye nata da nasa, ta ce a gaya masa tana jiran akwatinta.

"Malam, ka tono rigimar da ta kwanta," in ji matarsa.

Ya duba jerin babi-babi na littafin, ya tabbatar mata babu babin sulhu.

Gwaggo ta rasu kafin shekara ta zagayo, akwati bai dawo ba. Baffa ya zo, ya yi kuka sosai, sannan ya shaida wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa kakansu mai fito ne. Magatakarda ya rubuta hakan a gefen shafi, da fensir.