Kamfanin da Hajjo Kaɗai Ke Aiki

Shekara goma sha bakwai na yi ina aiki da Hajjo, sakatariyar wani kamfanin siminti a Garwa, ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a ba. Gidanta na unguwar Poumpoumré ma haka yake: ka je gaisuwa, ka fito da kwanon abinci.

Da kamfani ya buɗe rassa a Maruwa da Tcholliré, aka ɗauko wani matashi masanin kwamfuta, Léandre, ya haɗa kwamfutocinmu. Ya ajiye babbar na'ura a wani ɗaki mai sanyi, ya zuba sunayenmu a ciki, kowa da kalmar sirrinsa, kowa da rukuninsa. 'Yan sito su ga takardun sito, direbobi su ga jadawalin motoci, firinta ma sai wanda aka yarje wa. Ko a wane reshe ka zauna, na'urar ta san ka, ta san iyakarka.

Mu kuwa ba mu san kanmu ba. Sati bai cika ba Malam Ilyasu, dattijon sito, ya manta kalmarsa, kuma yana jin nauyin zuwa gaban sa'an ɗansa ya ce ya manta. Hajjo ta ba shi tata. Da sunanta ya ƙi buɗe takardun sito, ita ta je ta roƙi Léandre ya saka ta a rukunin, wai tana taimaka musu. Daga nan sai direbobi suka karɓi kalmarta, sai ni, don ba zan ɓoye ba. Kafin shekara ta zagayo Hajjo ta fi patron, wato shugaban kamfanin, kansa ƙofofi.

Ran nan Léandre ya fitar da jerin waɗanda suka yi kwana casa'in ba su shiga na'urar da sunansu ba. Mu tara ne. A idon na'ura, Hajjo ce ke karɓar siminti a Garwa, tana sallamar mota a Maruwa, duk da hantsi ɗaya. Patron bai yi dariya ba. Ya ce wanda ba ya aiki ya tafi gida, kuma da Ilyasu za a fara, ga shi saura shekara biyu ya yi ritaya.

Mu sauran takwas kowa ya kama gabansa, abin kunya. Hajjo ce ta shiga ofishin patron ta ce laifinta ne, in kora ce a fara da ita. Ba a kore ta ba, ba a kori Ilyasu ba, amma an cire ta daga kowane rukuni sai nata, aka ce in ta sake ba wani kalmarta ta tafi.

Washegari Ilyasu ya zauna gaban kwamfuta da sabuwar kalma, Hajjo na tsaye ta harɗe hannu a baya kamar mai riƙon kanta. Ya buga da yatsa ɗaya, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Na uku zai kulle shi. Ya ɗago ya dube ta.

"Baaba, ba zan ba ka ba," in ji ta. "Buga a hankali."

Ya buga. Allon ya buɗe da gaisuwa, ga sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya daɗe yana kallo, ya gyara hula.

"Ashe dai sun san ina nan," ya ce.