Ranar da Kawu Labbo Ya Yi Dillancina

Lokacin da na ga Kawu Labbo ya tuɓe takalmansa a ƙofar ɗakin intabiyu, ya gyara hula, ya shige gabana da sallama, sai na bi bayansa. Sunana aka kira, Yazid Abdulaziz, ba nasa ba.

Wani kamfanin kwamfuta ne daga Legas ya sami aikin tsara biyan albashi a sabuwar jiharmu, yana neman masu rubuta furogiram. Suka kama ɗaki a wani otal a Gusau suna ganawa da masu nema. Ni kuwa tun da na gama bautar ƙasa a 1997 nake zaune a Bungudu, ina taya Baba noma, takardar digiri tana ƙasan akwati. Duk gidanmu an ɗora ido a kan wannan aikin.

Kawu Labbo yayan Innata ne, dillalin shanu a kasuwar Tsafe. Gajere ne, baƙi, da sanda wadda ba ya dogarawa, nuni yake yi da ita. Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Tun ina yaro nake jin mutanen Bilbis da Fulanin dajin wajen suna cewa in Labbo bai zo kasuwa ba, gara ka koma da sanka gida. Dalili kuwa, shi aibin dabba yake fara faɗa. Zai ɗaga wutsiyar sa, ya buɗe bakinsa, ya ce wa mai saye, "Wannan yana tuƙa da kyau, amma yana da ɗingishi in ya sha tafiya." Mai dabba ya ɓata rai, amma cinikin ya faɗa, kuma ba a dawo da ita. In kuwa ta fito ta sata ce ko mai ciwo, wurinsa ake zuwa, ya tsaya har a warware. Abokan sana'arsa suna masa tsiya da "Labbo mai ɓata ciniki", ya ce musu, "Ku da ke gyara shi, ina masu sayenku na bara?"

Da Inna ta aika masa cewa an kira ni, ya kwana a Bungudu, da safe muka shiga mota tare. Na ɗauka rakiya ce kawai. A hanya ya tambaye ni abin da za a yi a can. Na ce za su ce in faɗi abin da na iya.

"Kai da bakinka?"

"Haka ake yi, Kawu."

"Mutum shi yabi kainai?" Ya girgiza kai. "Wagga ba tarbiyya ba ta. Ko akuya ba ta sai da kanta."

Na yi dariya, na ɗauka maganar ta wuce.

Mutum biyu ne a ɗakin: wata mata Bayarabiya, shugabar sashen, da wani Injiniya Manu, mutumin Yola, mai jin Hausa. Kwamfuta tana gefe a kan tebur, janareto yana ruri a waje. Kawu ya gaishe su, ya tambayi gajiyar hanya da iyali, ya ja kujera ya zauna. Ni ina tsaye.

"Baba, wane ne Yazid a cikinku?" in ji Injiniya Manu, yana danne murmushi.

"Ga shi nan. Ɗan ƙanwata na. Ni Labbo, dillali, daga Tsafe. Ni ka magana, shi kunya gare shi."

Matar ta tambayi abin da ke faruwa, Injiniya ya fassara mata. Ta ajiye biro, ta dube ni, ta dubi Kawu, ta ce a bar shi ya yi.

Kawu ya nuna ni da sanda.

"In fara da aibinai, don kada ku ce an rufe ku. In ya tsorata, in'ina yake yi. Ba shi da saurin hannu. Kuma wagga na'ura," ya nuna kwamfutar, "ya faɗa mani a makarantarsu su da yawa ke layi kan guda, mafi yawan aikin a takarda ya yi shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da na kwana biyu ina shirya yadda zan ɓoye ke nan. Injiniya yana fassarawa kalma bayan kalma, bai rage komai ba.

"To, alherinai. In ya kama abu ba ya saki. Injin ban ruwan ubanai ya lalace bara, makanikai suka ce a yar, yaron ga ya zauna kansa har ya tashi. Ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke. In kun ɗauke shi ya ɓata muku aiki, kada ku wahalar da kanku. Ku zo kasuwar Tsafe, wajen karar shanu, ku ce Labbo."

"Baba, in ya ɓata, kai za ka gyara mana furogiram ɗin?" in ji Injiniya.

"A'a. Ni kunnenai za ni ja, shi gyara."

Matar ta yi dariya har ta cire tabarau. Kawu ya miƙe, ya ce shi ya gama nasa, saura su duba haƙori. Ya fita ya sa takalmansa.

Ba su ce in faɗi abin da na iya ba. Matar ta juyo da kwamfutar wajena, ta ce tunda an ce ban saba da ita ba, bari a gani. Wani ɗan furogiram ne na lissafin ma'aikata da ke tsallake sunan ƙarshe, aka ce in nemo dalili. Na yi ta buga harafin da ba shi ba. Na roƙi takarda, na bi layukan da biro kamar yadda muka saba a makaranta, na gano inda ƙirgen ya tsaya da wuri. Na gyara, ya yi aiki. Amma na daɗe, na ga Injiniya ya duba agogo. Da ta tambaye ni yadda na gano, in'inar ta zo, kamar yadda aka faɗa musu. Ba ta nuna komai a fuska ba. Ta rubuta wani abu, ta ce za a ji daga gare su.

Na tarar da Kawu a gindin darbejiya yana cin goro da mai gadi, har ya san garinsu. Ina so in yi masa faɗa, ban san ta inda zan fara ba. Mutum ne da ya bar kasuwarsa ya ɗora sunan da ya tara tun kafin a haife ni a kan aikin da bai san kansa ba.

"Kawu, da ka bar maganar aiki a takardar nan."

"Da sun gano da kansu, sannan su ce me kuma ka ɓoye."

Ya shiga motar Tsafe, na shiga ta Bungudu. Sun ce za su aiko da amsa ta gidan waya. Wasu da muka yi layi tare sun ce su ma ba su ji komai ba. Ban sani ba ko an ɗauke ni, ina dai jira.