Fim Uku a Kan Teburin Sufeto

Ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba cikin damina ba, wajen 1976, ina shekarata ta biyu a aikin duba kaya a wani shingen kan iyaka, arewa da Daura. Lokacin kaya na ta kwararowa, har da irin waɗanda idonmu bai taɓa gani ba. Ƙa'idar aiki ita ce, in mota ta tsaya, ƙaramin ma'aikaci irina ya sauke kayan ya jera a tebur, Sufeto, wato shugaban shingen, ya duba. Duk abin da ke rufe sai an buɗe.

Da hantsi wata Fijo ta iso daga wajen Matameye. Mai tuƙin Malam Habu ne, mai ɗaukar hoto a Daura. A baya akwai wata mace, Malama Rabi, malamar firamare a Baure, ta jingina kai da gilashi, idanunta sun kumbura. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, nan take na yanke cewa masoyi ne ya yi mata butulci.

Na jera kyamara, da ƙafafunta uku, da fitila mai walƙiya, sai wasu ƙananan naɗi uku a liƙe. Sufeto ya ɗauki ɗaya.

"Wannan fa?"

"Fim ne, ranka ya daɗe."

"Mene ne a ciki?"

"Mutane."

"To buɗe mu gaisa."

"Ba a buɗewa, Yallaɓai. In haske ya taɓa shi, sun tafi. Sai a ɗakin duhu."

"A duhu ake gani, a haske ba a gani? Malam, ni za ka raina wa hankali?"

Ya dube ni, ko zan ce wani abu. Ni ma ban gane ba. Kafin Malam Habu ya miƙa hannu, Sufeto ya yage liƙin ya warware naɗin a rana. Wata doguwar leda ce, fayau.

"Ka gani? Ba kowa."

"Da akwai," in ji Malam Habu. "Yanzu suka fita."

Sai Malama Rabi ta fito daga mota. Ta ce mahaifinta a Matameye bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, sai da ciwo ya kwantar da shi ya ce a zo a yi, saboda jikoki. Ta ɗauko mai hoto daga Daura, aka ɗauka ranar Asabar, Lahadi ya rasu. Daga zaman makoki suke.

"Wanne ne nasa?" Sufeto ya tambaya, murya ta sauka.

Malam Habu ya juya biyun da suka rage a tafinsa. Ya ce ɗaya na tsohon ne, biyu na wani bikin suna da ya ɗauka a garin, duk ya zuba a aljihu ɗaya bai sa alama ba. Muka tsaya mu huɗu muna kallon ledar tana kaɗawa a iska, ba wanda ya san ko rago ne ya ƙone ko uba.

Akwai ƙa'idar rakiya: kayan da ba a iya dubawa a shinge, ma'aikaci ya bi su har inda za a iya. Sufeto ya ce in shiga motar. Ya sunkuyo ta taga ya ce, "Ka dawo ka gaya mini."

A shagon Malam Habu na shiga ɗakin duhu a matsayin shaida. Abin da na shaida shi ne warin magani da ƙarar ruwa. Da ya kunna fitila ya ɗaga ledar, sai ga mutane fuska fara, riga baƙa, kamar aljanu. Na farko, taron suna. Na biyu ma taron suna. Sai ya ɗora yatsa a can farkon na biyun. Ya tuna: fim ya ƙare yana ɗaukar tsohon, ya sa sabo, ya danna sau ɗaya kafin a sallame shi.

Ya tsoma farar takarda a ruwan magani ƙarƙashin jan haske. A hankali fuska ta taso, kamar wata yana fitowa daga gajimare. Tsoho ne yana dariya, ya ɗaga hannu, hannun ya yi dishi-dishi.

Malama Rabi ta karɓa tun bai bushe ba. Malam Habu ya fara ba ta haƙuri, wai bai yi kyau ba.

"Bar shi," ta ce. "Haka Baba yake yi in ya ce ya isa."

Bayan la'asar na koma shinge. Sufeto na tsaye bakin hanya.

"Ya fito?"

"Guda ɗaya, ranka ya daɗe."

"Nawa ne a wanda na buɗe?"

"Goma sha biyu."

Ya juya ya koma teburinsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, za a koya muku kada ku yarda da abin da ba ku gani da ido ba, kuma gaskiya ne, haka aikin yake. Amma in mai kaya ya ce kada a buɗe, ku tsaya ku tambaye shi na wane ne, kafin ku sa farce. Mu mun tambaya, bayan mun yage.