Shekarar da Aka Ce 'Yata Ta Jira

Lokacin kaka ne, kuma shekarar ta yi albarka. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, dam ɗin Watari ya cika har ya taɓa gonakin bakinsa. Duk wanda aka gaisa da shi a hanya sai ya ce bana sai godiya. Ni ma haka nake cewa, amma raina ba a kwance yake ba.

Mu asalinmu Maguzawa ne. Maigidana ne ya fara shiga cocin Baftis na ƙauyenmu, ni kuwa ina bin sa ranar Lahadi, in zauna in tashi, ban taɓa neman zama 'yar ikilisiya ba. Da ya rasu, dikinoni ne suka tsaya mini. Su ne dattawan da jama'ar coci suka zaɓa su riƙe ta, don Fasto ɗaya ne ga ƙauyuka da yawa, sai ya zagayo a kan babur ake ganinsa. Su suka haƙa kabari, suka tara maza aka yi mini gayya da damina. Babbansu, wanda muke kira Baba Dikin, shi ya yi ta zirga-zirga wurin dangin mijina har suka bar mini gonar bayan gida. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka mugayen mutane ne.

Bayan haka na shiga ajin baftisma, ni da 'yata ta fari. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na tarar. Tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Ba a barinta kusa da murhu, ba a aikenta rijiya. Tsararrakinta duk sun yi aure, ita tana gida.

A gindin ɗorawa ake ajin, bayan an tashi sujada. Ƙaramin dikin ne ke koyarwa, mutum mai fara'a, yana noman rani a bakin dam. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, a hankali nake haɗa baƙi, ita kuwa sau ɗaya take ji ta riƙe. In ina tuƙa tuwo sai ta zauna can nesa da wuta, ta kwaikwayi muryar dikin.

"Inna, mece ce baftisma?"

"Wanka mana."

"Kin faɗi. Tashi ki ba na baya wuri."

Ƙannenta su yi ta dariya. Ta ɗinka wa kanta farin zanen da za ta shiga ruwa da shi tun ba a sa rana ba. Ban taɓa ganin ta sa ranta a kan wani abu haka ba, domin shi ne abu na farko da za ta yi tare da sauran mutane, a layi ɗaya.

Ana saura kaɗan a yi baftismar sai ciwon ya kayar da ita a cikin coci, ana tsakiyar waƙa. Ta faɗi tsakanin bencina, kanta ya bugi ƙasa. Mata suka janye 'ya'yansu. Na durƙusa na juya ta gefe kamar yadda na saba, na sa ɗankwalina ƙarƙashin kanta. Da aka tashi, wata ta kawo toka ta rufe inda yawunta ya zuba, don a nan ana cewa wanda ya tsallake shi ya ɗauka. Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mini ba a ɗauka. Na sani, amma na tsaya ina kallon tokar.

Cikin makon dikinonin biyu suka zo gida da yamma. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Yarinyar tana cikin ɗaki, ƙofa a buɗe. Aka gaisa, aka tambayi wake, aka tambayi awaki. Sannan Baba Dikin ya gyara zama.

"'Yata, mun zo kan maganar yarinyar nan. A aji babu kamarta, wannan kowa ya shaida."

"To, Baba."

Ƙaramin ya karɓa. "Ni nake tsayawa kusa da Fasto a cikin ruwa, ni nake tallafe bayan mutum. Ruwan bana ya kai mini ƙirji. In abin ya taso mata a hannuna, me zan ce miki? Me zan ce wa Allah?"

Na ce, "Ko a yi mata a bakin ruwa, inda bai wuce gwiwa ba?"

"Laka ce wurin, ba a kwantar da mutum."

"Ko a ɗebo a ƙwarya a zuba mata?"

Baba Dikin ya girgiza kai. "Wasu suna yin haka, mu ba ma yi. Sai an nutsar da mutum duka, an binne tsohon, an tashi da sabon. Ke ma an koya miki."

An koya mini kuwa. Sannan ya ce akwai kuma iyayen da suka ce 'ya'yansu ba za su shiga ruwan da ta shiga ba. Na ce a sa ta ƙarshe. Ya ce ya faɗa musu haka, sai suka koma maganar kofin da ake sha tare a Jibin Ubangiji. Ya ce shi kansa bai yarda da zancen ba, amma coci ƙarama ce, in gida biyu suka fita an ji a jiki.

"Ba mu ne masu yankewa ba," in ji shi. "Ikilisiya ce za ta ɗaga hannu. Namu mu kawo shawara."

"Wace shawara za ku kawo, Baba?"

Bai dube ni ba. "A jira. Ta riƙe magani, mu ga damina ɗaya ba ta faɗi ba."

Tun da ciwon ya same ta ba ta taɓa yin damina ɗaya ba ta faɗi ba. Shi ma ya sani.

Ranar taron ikilisiyar, Fasto ya zo. A wurinmu wanda aka yi wa baftisma ne kaɗai yake da baki a taron ikilisiya. Mu 'yan aji aka ce mu koma bencin baya mu saurara. Ana kiran mutum, ya miƙe, dikin ya ba da shaida a kansa, jama'a su ɗaga hannu. Aka kira ni. Baba Dikin ya ce mace ce mai haƙuri, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Hannuwa suka tashi. Aka kira ta, ta miƙe kusa da ni, ta gyara zane. Ya faɗi shawararsu a hankali, kamar mai jin nauyin bakinsa. Fasto ya tambaya ko akwai mai magana. Wata tsohuwa ta ce yarinyar ta fi su duka sanin Littafi, a ji tsoron Allah. Wani daga gaba ya ce, "Iya, ke za ki shiga ruwan ki riƙe ta?" Aka ɗan yi dariya. Fasto ya ce a zaɓa.

Ina zaune hannuwana a kan cinya. Ba ni da ikon ɗagawa. Ko da an ba ni baki ma, ban san yadda uwa take miƙewa a gaban maza ta yabi 'yar farinta ba, ban taɓa ganin an yi ba. Masu cewa a jira suka fi yawa. Ta ci gaba da tsayuwa don ba wanda ya ce ta zauna, sai da na ja gefen zanenta.

A hanya na ce mata ni ma na fasa, ma shiga tare in lokacin ya yi.

"A'a, Inna. Ki shiga."

"Ke, ba na son musu."

"In ba ki shiga ba, baɗi ma a bencin baya za ki zauna. Wa zai ɗaga mini hannu?"

Muka ci gaba da tafiya.

Aka yi baftismar ranar Lahadi da hantsi. Muka tafi dam a motar haya, ana waƙa. Maƙwabtanmu Musulmi masu lambu a wurin suka kashe injin ban ruwa har a gama, ɗaya ya ɗaga mana hannu daga nesa. Ita aka ba ta riƙon busassun zannuwa, aka ce ta tsaya can kan tudu, kada ta matso. Ƙaramin dikin ya tallafe bayana, hannunsa da ƙarfi, na ji a jikina da zai iya riƙe ta. Fasto ya yi addu'a, ruwa ya rufe ni. Da na ɗago, mata suna guɗa, na share ido ina neman ta. Tana kan tudun da zannuwa a ƙirji, tana waƙar tare da su. Na hau na same ta, ta miƙo mini nawa.

"Da sanyi?" ta ce.

Na ce, "Kaɗan."

Washegari da safe na share tsakar gida, na ɗora wa yara koko, na yafa mayafi na tafi gidan Baba Dikin in tambaye shi ko sai ta sake ajin daga farko, kuma daga wace rana za a fara lissafa daminar. Na tarar ya riga ya tafi gona. Matarsa ta ce ba ta san lokacin dawowarsa ba. Ta turo mini kujera da ƙwaryar gyaɗa, na zauna muna ɓarewa.