Ɗigo Ɗaya a Kan Sunan Inna

Ni baduku ne, a Salvador na tsufa, wani gari can ƙetaren teku inda aka kai mu bauta. Bayan na fanshi kaina na samu aiki a shagon wani Bature a gangaren titin da ake kira Ladeira da Praça, mai sayar wa likitoci tabarau da madubin ƙara girma. Aikina ɗinka wa kayansa kube na fata, don danshin garin nan ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Mutum ne mai surutun tsiya. Duk jirgin da ya tsaya sai ya zo masa da takardun labarin sana'arsa, ya karanta mini da ƙarfi ko ban tambaya ba: an ƙera sabon madubi a ƙasa kaza, an gyara ƙwayarsa ta daina nuna launin banza a gefe, wani ya ɗauki hoton ƙafar ƙuma. Ni dai basillata nake ja. Ina ruwan biri da gada.

Haka nake nunawa a fuska, amma ina da abin da nake so a ƙara mini girmansa.

Ban daɗe da warkewa daga kaciya ba masu farautar bayi suka kama ni. Na fita neman akuya, Inna ta leƙo ta ce, "Kada ka yi nisa." Maganarta ta ƙarshe ke nan a kunnena. A wuyana akwai 'yar laya da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Da suke tuɓe mu a bakin teku na jefa ta a baki, a kumatuna ta ƙetare ruwa. Sunan uwata kuwa ban san shi ba. A gidanmu wa ya isa ya kira shi? Mu mu ce Inna, Baba ya yi gyaran murya ta san da ita yake, maƙwabta su ce matar wane.

Wani malami da muka yi bauta tare a unguwar Vitória shi ya koya mini baƙi, shi ya kuma gaya mini mai rubuta laya yakan sa sunan mai ita da na uwarsa a ƙasa, wane ɗan wance. Ban buɗe ba. Zamanin ne da ake zane mutum a kan guntun takarda mai Larabci, malamin ma jirgi aka sa shi, aka kore shi daga ƙasar. Na cusa layar a tsagin bango. Da tsoro ya lafa na farke ɗinkin, ashe idona ya riga ya tafi, rubutun kuma ya koɗe. Bisimilla ina gane ta. Layin ƙarshe kuwa kamar sawun tururuwa, tabarau ma bai iya masa ba. Ba wani abu nake nema ba illa in yi sadaka in ce Allah ya kai lada kabarin wance, kamar kowane ɗan halas.

A unguwar Itapagipe akwai wata tsohuwa mai ƙosai, ita kaɗai ta rage mini da muke Hausa, sauran duk sun koma Yarbanci da yaren Fotugis. Na je na same ta a bakin kasko.

"Yaya, an kawo sabon madubi, gashi ɗaya yana mayar da shi kamar igiya."

Ta ce, "To sai me, Baduku? Allah bai san uwarka ba ne sai ka faɗa masa suna?"

"Ya sani. Ni ne ban sani ba."

Ta juya ƙosanta, ta ce, "Kai da taurin kai. In ka je wurin Baturen, ka fara gaya masa tawadarmu ba ta shiri da ruwa."

Gaskiya ta faɗa. Tawadarmu gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don a wanke allo a sha. Tun daga Itapagipe har gida ina bitar maganar da yarensu, na jera ta tsaf.

Da safe na kai wa maigidan kuben sabon madubin, na roƙe shi alfarma ya duba mini takardar layar da shi. Ya yi murna kamar an ba shi kyautar doki, dama neman abin gwaji yake. Ya karɓi takardar ya shimfiɗa a kan ɗan fallen gilashi, bakinsa bai huta ba, yana ba ni labarin wanda ya goge ƙwayar da ƙasar da aka narka gilashin. Sau biyu na buɗe baki in faɗi maganar tawada, sau biyu ya ɗaga mini hannu. Wanda ya yi bauta ya san wannan hannun, in an ɗaga shi bakinka da kansa yake rufewa. Ya leƙa, ya juya ɗan madubin ƙasa wajen taga, ya ce takardar ta yi kauri, haske ba ya ratsa ta. Sai na ga ya tsoma tsinken gilashi a kwalbar ruwa ya ɗago shi, ɗigo na lilo a bakinsa, daidai kan layin ƙarshe.

Na shekara fiye da rabin raina ina yarensu, har mafarki nake da shi. Amma da zuciyata ta tsinke, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kada!"

A yarensu ma akwai kada, ma'anarta kowane. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ƙwarai, kowane harafi za ka gani." Ya saki ɗigon.

Ina tsaye layin ya narke ya zama baƙin ruwa. Shi kuwa ya manna ido a madubin yana ta mamaki, ya jawo hannuna wai in zo in ga abin al'ajabi. Na leƙa. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe ne birjik, suna rawa, suna karo da juna. Madubin bai yi ƙarya ba, ya ƙara girman komai yadda aka ce, sai dai babu harafi ko ɗaya. Maigida ya ce zai rubuta wa masu buga labarai yadda tawadar baƙar fata ke motsi a ruwa. Da ya lura da fuskata ya dafa ni, ya ce ai tsohuwar takarda ce, in ina so ya ba ni sabuwa fara.

Na tsane shi a ranar, kuma har yau ban fasa ba, ko da yake ba da mugunta ya yi ba. Amma haushin kaina ya fi. Kalma ɗaya ce tak a yarensu za ta tsai da hannunsa, na san ta, kullum ina jin ta a bakinsu. Sai harshen da na sha a nono ya riga ni, da kalmar Inna kuma.

Na roƙe shi gilashin, ya ba ni yana dariya. Na kai gida na ɗauraye shi a ƙoƙo, na yi bisimilla na shanye. Da na gaya wa mai ƙosai ba ta ce ai na faɗa maka ba. Sai dai ta ce, "To, ga shi nan a cikinka." Ta yi ne don ta lallashe ni, ban lallasu ba.

Yanzu ita ma ta rasu. Duk Juma'a nakan sayi ƙosai a wurin wata Bayarabiya in raba, in ɗaga hannu in ce Allah ya kai lada kabarin, sai in tsaya. Nakan jira kaɗan ko abin da na sha zai taso. Sai in ce Inna, in shafa.